Sanduna Uku da Suka Ga Damina

Litinin 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yayyafi tun asuba. Gilashin taga ya yi gumi, ginin tsallaken titi ya koma kamar an zana shi da alli an goge rabi. Na zauna ina kallonsa har shayina ya huce.

Lokacin kundi ya zo. Ranar Juma'a 28 ga wata za a rufe karɓa, duk ɗalibin da malaminsa bai sa masa hannu ba kafin nan, sai bayan wata shida. Daga yau ke nan layi zai fara a ƙofata. Shekara goma sha ɗaya ina wannan ɗaki na ƙarshen baranda, tsakanin sito da banɗaki, ina taya injiniyoyi masu neman babban digiri rubuta kundinsu. Mutanen da za su lissafa maka nauyin bene ashirin da ka, amma ka ce su rubuta layi uku kan abin da suka gano, sai ka ga zufa. Kundi ya fi ɗari uku da ya bi ta hannuna. Sunana yana shafin godiya, can ƙasa, bayan na iyaye. Sau ɗaya ma bayan na kyanwa.

A jikin ƙofa akwai takardar da Shugabar sashenmu ta manna: muna gyara harshe da tsari, ba ma taɓa lissafi ko sakamakon gwaji. Na fi kowa son wannan doka. Ita ta sa na karɓi aikin.

Hanyar aikina ɗaya ce. Ɗalibi ya zauna ya karanta babinsa da ƙarfi, ni in rufe ido. Inda muryarsa ta yi tuntuɓe, jimla ce ta karkace, wannan mai sauƙi ne. Inda kuwa ta ɗauki gudu, kamar mai wuce ƙofar gidan da ke da kare, to akwai abin da ba ya so a tsaya a kai.

Dogo, mai bincike kan injin ban ruwa, ya karanta min jimla ɗaya mai layi goma sha huɗu. Na ce, "Dogo, ka yanka ta daidai tsawonka." Ya ce, "Kawu, ai ban gama ba, sauranta na bayan shafi."

Kawu suke ce min. Ban san wanda ya fara ba.

Talata 4, ƙarfe huɗu na yamma

Wata sabuwa ta zo yau. 'Yan ajinsu na kiranta Mai Toka, domin aikinta shi ne zuba tokar buntun shinkafa a kankare don a rage siminti. 'Yar ƙarama ce, tafin hannunta duk kaushi, bakin takalminta fari fat. Ta ce in haɗin nata ya yi, ƙauyuka za su yi gini da abin da suke zubarwa a bayan gari.

Babi na huɗu ta karanta. Ta zuba sandunan kankare, ta bar su suka yi ƙwari, ta sa su a injin da ke danne su har su karye, ta rubuta nauyin da kowace ta ɗauka. Muryarta a natse, har na fara jin kamar ina cikin kwalekwale. Sai a shafi na sittin da biyu ta zura da gudu, layi ɗaya, ta fito.

Na buɗe ido. "Koma baya kaɗan."

Ta koma. Layin cewa yake an ware sanduna uku saboda matsalar ajiya.

"Nawa kika zuba?"

"Sha biyu."

"Nawa ke cikin jadawalin?"

"Tara. Farfesa ya ce ukun sun lalace tun kafin gwaji. Kawu, jimlar ce ba ta yi ba?"

Na ce jimlar lafiyarta ƙalau. Kuma gaskiya ne.

Laraba 5, ƙarfe ɗaya na rana

Yaya ta turo saƙon murya daga gida. Minti huɗu. Ban buɗe ba.

Alhamis 6, ƙarfe bakwai na safe

Mafarkin rafin garinmu kuma. Ya cika, ruwan ja, yana tafiya ba ƙara. Mutane a wancan gefen sun yi layi da kayan kasuwa a ka, kowa riƙe da kundi a hammata, suna jira in kira na gaba. Babu mai fushi. Abin da ya fi damuna ke nan, ko a mafarki ba a yi min fushi.

Na tashi hannuna na dama a dunƙule kamar mai riƙe da biro.

Juma'a 7, ƙarfe uku na yamma

Ba aikina ba ne, amma na sauka ɗakin gwaji a ƙasan gini. Rabona da wurin shekara shida. Warin jiƙaƙƙen siminti ya tare ni tun a matakala.

Mai Makulli, tsohon da ke kula da ɗakin, ba ya zubar da abin da aka karya sai mai shi ya gama karatu. Kowane gutsure da lambarsa da jan fenti.

"A'a, Malam, yau an sauko daga sama? Waƙafi ne ya ɓace muku a nan?"

Na ce ina son ganin sandunan Mai Toka. Ya kai ni gindin bango.

"Kantar ajiya ce ta cika, na jera ukun nan a ƙasa. Ashe bututu na yoyo ta baya. Mako biyar suna sha, in an kunna hitar ɗumama ɗaki su bushe, su sake sha. Laifina ne, na faɗa wa Farfesa da bakina."

"Da wuri suka karye?"

"Ko rabin nauyin 'yan'uwansu ba su ɗauka ba. Injin bai gama gyaran murya ba suka tafi." Ya nuna wata a gefe da ƙafa. "Waccan ta wani ɗalibi ce, siminti zalla babu toka. Tare suka sha ruwan. Ita ko a jikinta."

Na tsuguna na shafa bakin karayar. Ya marmashe a yatsuna kamar busasshen burodi. Na san wannan marmashin. Na goge hannu a wando na hau sama.

Lahadi 9, ƙarfe biyar na yamma

Na fita yawo. Garin nan kogi ya raba shi biyu, an ce wancan gefen ya fi shaguna da lambuna. Shekara goma sha ɗaya, duk abin da nake bukata ina samunsa a wannan gefen. Na zauna a benci ina kallon mutane suna tsallakawa, wasu da keke, wata mata da keken jariri, suna tafiya ko ƙasa ba sa dubawa. Gajimare ya sauko har ya rufe ƙafafun gadar, sai suka zama kamar a iska suke taku.

Ba ruwana. Harshe da tsari.

Talata 11, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Mai Toka ta dawo da babi na biyar. Na gyara mata waƙafi goma sha tara, na raba sakin layi biyu, na cire "a bayyane yake" sau bakwai. Na ce mata duk abin da yake a bayyane ba ya bukatar a yi masa shela.

Ta yi dariya. Ta nuna min hoto a waya: 'yarta, shekara biyar, tana can gida wajen mijinta da uwar mijin. Shekara biyu rabon da ta ɗauke ta. Yarinyar ta samu kalanda tana soke rana ɗaya kowace safiya da jan biro, ta zagaye 28 da fure.

"Uwar mijina ta ce in ban dawo wannan karon ba, za ta aiko min da ita a akwati."

Babi na biyar shi ne na shawarwari. A ciki ta rubuta cewa haɗin ya dace da ƙananan ayyukan karkara. Na rufe ido, ta karanta, na ce ya yi kyau.

Laraba 12, ƙarfe goma na safe

Ya yi kyau. Haka na ce.

Alhamis 13, ƙarfe shida na yamma

Na buɗe saƙon Yaya. Minti uku na gaisuwa ne da labarin wanda ya haihu da wanda ya yi rufin kwano. Sannan ta ce:

"Auta, an gama sabuwar gadar. Ta ƙarfe ce, mota biyu na giftawa. Na taka ta da ƙafata na je kasuwa, na tsaya a tsakiya na yi wa baban yara addu'a. Kai kuma ka zo gida mana. An ce gemunka ya yi fari a ƙasar mutane. Wa ke dafa maka abinci ma?"

A bayan muryarta ana jin kaji. Na sake kunnawa sau uku saboda kajin.

Shekara goma sha tara, ba ta taɓa yi min tambaya ɗaya a kan abin ba. A wurinta ruwa ne ya zo da yawa a shekarar.

Litinin 17, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na tarar da Farfesa, mai duba aikin Mai Toka, a ɗakin shayi. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa, har yau ban tabbata ya san sunana ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, sandunan nan uku na yarinyar nan."

Bai ɓata rai ba. Ya ajiye kofi.

"Malam, gwaji yana da ƙa'ida. Ruwa nawa suka sha? Awa nawa a jiƙe, awa nawa a bushe? Ba wanda ya auna. Abin da ba a auna ba, ba sakamako ba ne, hatsari ne. In na bari ta sa su, masu jarrabawa za su cinye ta ɗanya. Kuma ba a ɓoye ba, an rubuta cewa an ware su. Ka san tana da 'ya a gida?"

Na ce na sani.

Idonsa ja, akwai kundi tara a kan teburinsa. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Na dawo ɗaki ina neman inda zan tsane shi, ban samu ba. Da mugu ne da na huta.

Talata 18, ƙarfe biyar na yamma

Ta zo da shafin godiya da taƙaitawa, wato ƙarshen aiki. Ta zauna za ta fara, na ce ta ajiye.

"Abin da za a gina da haɗin nan, a ina zai zauna?"

"A ƙauye mana. Kwalbati, dakalin rijiya, ƙananan gadoji."

"A kan kanta, a ɗaki mai rufi?"



Na ce, "Taran nan zaman ofis suka yi. Ukun ne kaɗai suka ga damina. Kuma akwai wata ta siminti zalla da ta sha ruwan tare da su ba ta karye ba. Je ki tambayi Mai Makulli."

Ta daɗe tana kallona. Ta san da maganar, na gani a fuskarta. Irin sanin da mutum ke ajiyewa a ɗakin da ba ya shiga.

"Kawu, takardar ƙofarka me ta ce?"

"Na san abin da ta ce."

"Saura kwana goma."

"Na sani."

"Komai ka sani. Kana zaune a nan ido rufe kana jin muryoyin mutane. Kai ka taɓa gina wani abu ma?"

"Na taɓa."

"Yana nan?"

Ruwa na gangarowa a gilashi, layi biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Ina kallonsu ta tattara takardunta. Ba ta buga ƙofa ba, a hankali ta ja ta.

Laraba 19, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta zo ba.

Alhamis 20, ƙarfe sha biyu na rana

Shugaba ta kira ni. Ta ce Farfesa bai kawo ƙara ba, tambaya kawai ya yi, ko dokar ɗakinmu ta canja. Ta ce in kowane mai gyaran waƙafi zai sa baki a sakamako, gobe ba malamin da zai turo mana ɗalibi. Ta ba ni takardar gargaɗi na sa hannu. Ta ce, "Kai da ko tari ba ka yi, me ya hau kanka?"

Na ce gajiya ce. Ta yi daidai da ta ba ni takardar. Da ni ne ita, haka zan yi.

Asabar 22, ƙarfe takwas na safe

Rafin kuma. Wannan karon Mai Toka ce a gaban layi, da yarinya a kafaɗa, yarinyar na soke ruwa da jan biro. Na ce su dakata, muryata ba ta tsallaka ba.

Wa ya aike ni? Wataƙila ba abin da zai faru. Kundi nawa ke kwance a ɗakin karatu ba wanda ya taɓa buɗewa. Wataƙila na ƙwace wa yarinya uwarta ne saboda mafarkina.

Wataƙila kuma wani ya buɗe.

Litinin 24, ƙarfe uku na yamma

Ta shigo ba sallamar da ta saba. "Malam, ina da babi." Malam, ba Kawu ba.

Idonta ya faɗa. Ta sake babi na huɗu da na biyar. Sanduna goma sha biyu a jadawali. Zanen da a da ya miƙe sumul yanzu yana da ɗigo uku a ƙasa, kamar 'ya'yan itacen da suka faɗo. Ta rubuta yoyon bututun, da hitar, da sandar siminti zalla. Ta rubuta cewa ba ta san dalili ba tukuna, kuma kada a yi aiki da haɗin a inda ruwa ke taɓawa sai an sani.

Na rufe ido. Shafi goma sha ɗaya, ba gudu ko ɗaya. Jimlolin kuwa duk a karkace, ta yi tuntuɓe ya fi sau ashirin. Ban taɓa jin daɗin mummunan rubutu haka ba.

Da ta gama ta ce, "Kada ka ɗauka don kai na yi. Na gwada karanta layin nan a ɗakina sau goma, kullum sai na ji na yi gudu. Ka lalata min kunne."

Muka zauna muka gyara jimlolin har aka kashe hita.

Juma'a 28, ƙarfe biyu na rana

Farfesa bai sa hannu ba. Ya ce babin gaskiya ne, amma sanduna uku da bututu ya jiƙa ba za su ɗauki kundi ba. Sai ta zuba sababbi, ta jiƙa su da awo, ta busar da awo. Wata shida.

A barandata ta tsaya ta kira gida, saboda nan ne ba kowa. Ƙofata ba ta da kauri.

"A'a, Mama ba ta fasa ba. Ki juya shafin kalandar. Ki sake juyawa. Ki kira Baba ya taya ki ƙirgawa... To, kada ki yi magana, ina nan, ina jin ki."

Ta daɗe tana cewa ina jin ki. Dogo ya leƙo da kundinsa an ɗaure an sa hannu, yana washe baki, na yi masa alama da hannu ya koma.

Litinin 31, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na sake sauka ƙasa. Baho shida a jere cike da ruwa. Farfesa da kansa, ya naɗe hannun riga, yana manna ma'auni a jikin kowanne. Ya ɗago ya gan ni, ya kira sunana. Ashe ya sani.

Mai Makulli ya ce, "Malam, ka ga aikinka. Na kashe kwana biyu ina gyaran bututu, yanzu an ce in kawo ruwa da gangan."

Na haɗu da ita a matakala, da buhun toka a kafaɗa. Na matsa gefe. Ta wuce ba ta dube ni ba. Tana da gaskiya. Wata shidan nata ne, ni ban biya komai ba sai takarda ɗaya a fayil.

Talata 1 ga sabon wata, ƙarfe takwas na safe

Ba layi yau. Rana ta fito, abin mamaki, ginin tsallaken titi ya dawo da duk tagoginsa.

Na zo da littafin nan ofis. Na bar kujerata na zauna a ta ɗalibai, na karanta shi da ƙarfi daga ranar 3 ga wata. Na yi gudu a wuri biyar. Da ɗalibi ne da na ce ya koma baya.

To, na koma.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce ni ne injiniyan gadar rafin garinmu. Na aika samfurin kankare goma sha shida gwaji. Huɗu suka karye da wuri, na ranar da muka zuba ginshiƙin tsakiya ana ruwa. Na ce samfurin ne ya lalace. Na rubuta goma sha biyu, na sa hannu. A damina ta uku gadar ta tafi da motar kasuwa. Mutum bakwai. Mijin Yaya ne direban. Masu bincike suka ce ambaliya ce irin wadda ba a saba gani ba, kuma wataƙila haka ne, wataƙila ko da na yi daidai da ta tafi. Ban sani ba. Ba wanda ya tambaye ni nawa na aika.

Na karanta wannan sau biyu. Na biyun bai yi sauri sosai ba.

Yanzu a gida Yaya ta gama shara, tana zaune a bakin ƙofa da kajinta. Zan ce mata, Yaya, ki samu wuri ki zauna, zan karanta miki wani abu. In kin ji na yi gudu, ki ce in koma baya.

Na danna lambarta. Wayar tana shiga.